ARZIKIN ƘASA DA HAKKIN ƘASA

Jawabin da aka gabatar a wurin bikin aza harsashin ginin sabon masallaci a Nasarawar Burkullu



Masu martaba iyayenmu sarakuna, masu girma hakimai da dagatai da masu unguwanni, limamanmu da malamanmu, Shugaban Kwamitin Gini da 'yan kwamitinsa, alhazai da hajiyoyi da sauran bayin Allah waɗanda suka buɗe hannu domin wannan aiki, baƙinmu da suka taso daga Anka da Gummi da Bukkuyum da Gusau, iyayenmu mata, samari da yara, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma roƙon Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Da 'yan kwamiti suka zo mini da cewa in yi jawabi a wannan rana, na ce musu ni ba malami ba ne, kuma falalar gina masallaci malamanmu sun riga sun bayyana ta da abin da ya fi ƙarfin bakina. Suka ce to, in yi magana a kan abin da na ga ya dami jama'a. Jiya da la'asar na zo nan na tsaya a bakin ramin harsashin, na ga jar ƙasar da magina suka tono sun tara a gefe, na ga yara suna hawa kanta suna gangarowa, wani ƙarami ma ya dumbuza ya kai baki. Nan take na san abin da zan faɗa. Zan yi magana ne a kan ƙasar nan da muke takawa, da arzikin da muke fitarwa daga cikinta, da kuma abin da arzikin yake bari a bayansa.

Duk wanda ya duba takardar gudummawar wannan gini zai ga kuɗin gero da dawa da shinkafa, zai ga kuɗin shanu da na mota da na tireda, zai kuma ga kuɗin zinariya. Wannan ba abin ɓoyo ba ne, ba kuwa abin kunya ba ne, gama wanda ya shiga rami ya fasa dutse da guminsa ya ci halaliyarsa. Amma akwai tambaya guda wadda ta wajaba a kanmu mu mutanen wannan yanki fiye da kowa a Nijeriya. Idan arziki ya shigo gari, kowa ya iya ƙidaya abin da ya kawo. To, wa ke ƙidaya abin da ya ɗauke?

YADDA ZINARIYA TA SHIGO GIDA

Zinariya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zamfara. Tun zamanin Turawa, musamman a shekarun 1930, an haƙe ta a wurare da dama na Lardin Sakkwato da Birnin Gwari da wajen Minna, har Yaƙin Duniya na Biyu ya zo aikin ya ja baya. Daga nan sai ya zama sana'ar rani ta mutane kaɗan, masu wanke yashi a bakin rafi da ƙwarya, su sami ɗan abin da za su sayi gishiri da kananzir kafin damina ta faɗi.

Abin da ya sauya al'amarin ya faru ne nesa da mu ƙwarai. A shekarar 2001 oza ɗaya ta zinariya, watau giram 31 da ɗan ɗoriya, ba ta kai dala 300 ba a kasuwar duniya. A 2008 bankunan Amurka da na Turai suka shiga rikici, masu dukiya suka ji tsoron ajiye takardun kuɗi, suka koma sayen zinariya. Kafin ƙarshen 2009 oza ta wuce dala 1,000, a 2010 ta wuce dala 1,200, a 2011 kuwa ta kai wajen dala 1,900. Manomin Dareta bai san sunan bankin da ya karye a Amurka ba, amma ya ga dillali ya iso ƙauyensu da sikeli da damin kuɗi.

Sai aka bar wankin yashi aka koma bin jijiyar dutse cikin rami. Dutsen kuwa sai an farfasa shi, an daka, an niƙa ya zama gari, sa'an nan a wanke, a zuba zaiba ta kama zinariyar, a ƙona zaibar ta tashi, zinariya ta saura. Da yake aikin yana da yawa, kuma kowa yana tsoron a sace masa dutsensa, sai aka riƙa ɗauko shi cikin buhuna ana kawowa cikin gida. Mata suka shiga daka a turmin da suke surfe, aka kafa injin niƙa irin na hatsi a tsakiyar unguwa, ana shanya garin dutse a tsakar gida inda ake shanya tsaba.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya, an ga amfanin abin. An sayi babura, an sauke jinka an ɗora kwano, samarin da a dā sai sun tafi ci-rani kudu suka zauna gida suka yi aure, wasu suka sauke farali. Da a ce wani ma'aikacin ƙididdiga ya zo a ƙarshen 2009 ya rubuta abin da ke shiga aljihun mutane, da ya koma Gusau ya ba da rahoto cewa ƙasar Anka da Bukkuyum ta ci gaba.

ABIN DA YA FARU A 2010

Abin da ba a sani ba shi ne dutsen nan yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Wani sashe nata irin baƙin dutsen nan ne mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi, wani sashe kuwa ruwa da iska sun daɗe suna cinsa har ya rikiɗe ya zama iri mai saurin narkewa a cikin ciki. Muddin tana cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa, ba ta cutar da kowa. Da aka niƙa ta sai ta zama ƙura, ƙurar ta sauka a daɓen ɗaki, da kan tabarma, da cikin randa, da kan hatsi, da bakin rijiya. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗaci, ba ta sauya launin ƙasa yadda ido zai gane.

Agwagi ne suka fara ba da labari. A farkon 2010 mutane suka lura suna ta mutuwa a bakin kududdufai, amma ba wanda ya kawo kome a ransa. Daga nan sai yara. Yaro ya kama amai da ciwon ciki, ya yi laushi, ya shiga jijjiga, kwana biyu ko uku a kai shi makwanci. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska ce. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wadda aka fi sani da MSF, suna zagayen neman masu sanƙarau, suka tarar da sababbin kaburburan yara fiye da ƙima, suka ba da maganin da suka saba bai yi aiki ba. Sai da aka aika da jini ƙasar waje aka auna, sa'an nan aka gane gubar dalma ce.

A watan Mayu na wannan shekara ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, tare da na Gwamnatin Tarayya da na Jiha da na Hukumar Lafiya ta Duniya, suka bi gida gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta nan ƙasar Bukkuyum. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar da aka lissafa a ƙauyukan nan biyu, 118 sun rasu cikin wata goma sha biyu, watau ɗaya cikin kowane huɗu. A ma'aunin da likitoci ke auna dalmar jini, a wancan lokaci in yaro ya kai 10 an fara damuwa, in ya kai 45 sai a sa shi a magani. Cikin yaran da aka auna a can, 97 cikin ɗari sun kai 45 ko sun wuce. Ƙasar tsakar gida kuwa, wadda a ƙa'idar Amurka ta lokacin bai kamata dalmarta ta wuce kashi 400 cikin miliyan ba, an sami wuraren da ta wuce kashi 100,000, watau kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙasar dalma ce zalla. A kan wannan ƙasa jarirai suke rarrafe.

Jimillar yaran da suka rasu a wannan annoba ta wuce 400. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A cikin wannan taro akwai waɗanda suka je gaisuwar ta'aziyya a 'Yargalma da Tungar Guru, akwai ma waɗanda aka yi wa gaisuwar. Allah Ya sa masu ceto ne, Ya ƙara wa iyayensu haƙuri.

Me ya sa yara ne suka fi mutuwa, alhali manya ne ke aikin? Domin yaro a ƙasa yake wuni, hannunsa kullum yana baki, kuma hanjinsa yana tsotse dalma ninki huɗu ko biyar fiye da na babba. Jiki yana ɗaukarta kamar sinadarin da ke gina ƙashi, ya ajiye ta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru. Yarinyar da ta sha ƙurar nan tana ƙarama, in ta girma ta yi ciki, dalmar tana iya fitowa daga ƙashinta ta shiga jikin ɗan da ke cikinta. Waɗanda suka tsira da rai kuwa, wasu sun makance, wasu sun shanye, da yawa kuma ba a ganin kome a jikinsu sai an sa su makaranta a ga karatu ya ƙi zama. Magani yana rage dalmar da ke cikin jini, amma ba ya mai da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa.

KUƊIN GYARA

Jama'a, ku dubi abin da aka sha kafin a tsai da wannan mutuwa. An buɗe wuraren jiyya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Amma likitoci suka ce ba amfani a wanke jinin yaro a mai da shi gidan da ya ɗauko cutar, tilas sai an wanke gidan tukuna. Wanke gida kuwa ma'anarsa a fitar da kaya duka, a kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna da ta hanya da fartanya da shebur, a zuba a buhuna, a kai wani rami mai nisa a binne, sa'an nan a ɗebo ƙasa mai tsabta daga wani wuri a shimfiɗa. Haka aka yi, tare da taimakon wasu ƙwararru daga Amurka, a Dareta da 'Yargalma da Abare da Tungar Guru da Sunke da Tungar Daji da Duza, daga tsakiyar 2010 zuwa farkon 2011.

Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta yi jira. Yara wajen 1,500 suna can da dalma a jini ba halin a fara musu magani, har sai da ƙungiyoyi da matasa suka yi ta kira, Gwamnatin Tarayya ta zamanin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin a farkon 2013. A ƙauyukan nan takwas an kwashe ƙasa da tarkacen dutse da suka wuce mita 27,000 na awon tsawo da faɗi da zurfi, daga gidaje da wuraren aiki fiye da 800, mafi yawa da hannu. In a ce tifa tana ɗaukar mita 10, kun ga sawu 2,700 ke nan. MSF kuwa ba ta miƙa aikin jiyyar ga Gwamnatin Jihar Zamfara ba sai a 2022, bayan shekara goma sha ɗaya da ɗoriya tana fama.

To, wa ya biya wannan duka? Dillalin da ya sayi zinariyar bai biya ba. Wanda ya kai ta kasuwar Dubai bai biya ba. Wadda ta sa ta a wuya ba ta ma san da akwai wani gari wai shi Abare ba. Kuɗin gyara ya fito daga baitulmali da aljihun masu taimako na wasu ƙasashe, babban kuɗin kuwa, wanda ba a biya da naira, yara ne suka biya shi, su da ba su ci ko kwabo daga cinikin ba. Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe daga jawabina. Sau da yawa abin da muke kira riba, in an bi diddigi, bashi ne aka ci da sunan wanda ba ya wurin, ko maƙwabci, ko na ƙasan rafi, ko ɗan da ba a haifa ba tukuna.

MASU CEWA A YI ARZIKI TUKUNA

Akwai masana tattalin arziki da suke cewa haka duniya ta gada. Wai kowace ƙasa in ta fara bunƙasa sai ta ɓata ruwanta da iskarta, in ta yi ƙarfi kuma sai ta dawo ta gyara. Suna kafa hujja da birnin Landan, inda hayaƙin kwal ya rufe gari a watan Disamba na 1952 ya kashe mutane dubbai, aka yi dokar tsabtace iska a 1956, hayaƙin ya yi sauƙi. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, domin mai jin yunwa ba ya sauraron wa'azin ƙura, kuma gyara yana son kuɗi.

Amma akwai abu biyu da wannan magana ta tsallake. Na ɗaya, arziki bai share hayaƙin Landan da kansa ba. Mutane ne suka ƙidaya gawawwakinsu, suka matsa wa hukuma, aka yi doka, aka kuma bi ta. Na biyu, hayaƙi iska tana kwashe shi, dalma kuwa ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, inda ta faɗi nan za ta zauna har sai an zo an kwashe ta. A garin Kabwe na ƙasar Zambiya an rufe mahaƙar dalma tun 1994, amma shekaru da dama bayan haka an ci gaba da samun dalma mai yawa a jinin yaran unguwannin da ke kewaye da ita. A Minamata ta ƙasar Japan, wata masana'anta ta yi ta zuba ruwa mai zaiba a teku, masunta suka ci kifi, aka gano cutar a 1956, aka haifi yara da nakasa, aka yi shekaru ana shari'a. Sunan garin nan aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 a kan zaiba, wadda Nijeriya ma ta shiga. Zaibar nan kuwa ita ce samarinmu suke murzawa da tafin hannu, suna ƙona ta suna shaƙar tiririnta.

Ko a cikin ƙasarmu, an sami man fetur a Oloibiri a 1956, man ya gina Legas da Abuja, ya shimfiɗa titunan da muka biyo muka zo nan. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta auna ƙasar Ogoni, ta ce gyaranta zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Dattawanmu kuma ba su manta da Bakolori ba, madatsar ruwan da aka gama a 1978 kusa da Talatar Mafara. Ta kawo noman rani, amma ta cinye gonaki da garuruwa, ta rage ruwan da ke malala fadamun da ke ƙasa da ita, kuma rikicin diyya ya kai ga zub da jinin manoma a watan Afrilu na 1980. A duk waɗannan wurare an yi lissafin abin da za a samu tun kafin a fara, lissafin abin da za a rasa kuwa sai da aka yi asara aka zauna yinsa.

KADA A ƊORA WA TALAKA SHI KAƊAI

Ba na so wani ya tashi daga nan ya ce an taru an zagi masu haƙar zinariya. Mutumin da gonarsa ba ta ciyar da shi wata shida, ko wanda rashin tsaro ya hana shi zuwa gonar ma sam, in ya ga dutsen da zai sayar ya sayi buhun masara, ba mai hankalin da zai ce masa ya zauna ya rungume hannu. Iyayen da suka kai dutse cikin gida a 2009 abinci suke nema wa 'ya'yansu, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu akwai guba a ciki.

Hani kuma shi kaɗai bai wadatar ba. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda matsalar 'yan bindiga, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Kowa a nan ya san abin da hani yake haifarwa in ciki ba kome: aiki ya koma ɓoye, abin da aka ɓoye kuwa cikin gida ake kai shi, inda yara suke. Ga shi kuma farashi ya yi ta hawa, har a watan Maris na 2025 oza ta wuce dala 3,000. Ma'ana, abin da ya ja mutane cikin rami a 2009 ya ƙara ƙarfi ninki biyu ko fiye.

Amma uzurin rashin sani ya ƙare a 2010. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu, ta hanya ɗaya, da dutse iri ɗaya. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kam namu gemun ne ya fara kamawa. Yaran da aka haifa a shekarar annobar sun isa shiga rami, ba su ga kaburburan ana tona su ba, kuma in ba mu gaya musu ba, ba wanda zai gaya musu.

ABIN DA KE HANNUNMU

Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da cuta yana gaba da jawo amfani, kuma a littattafan fiƙihu har rijiya an yanka mata haraba wadda ba a yarda a yi abin da zai ɓata ruwanta a ciki ba. Saboda haka abin da zan roƙa ba baƙon abu ba ne. Ga shi nan guda bakwai, ba kuwa wanda yake jiran sai an aiko da kuɗi daga Abuja.

Na farko, ina roƙon Kwamitin Gini, duk ƙasar da za a yi ciko da ita, da yashin da za a buga bulo, a san inda aka ɗebo su. Kada a karɓi ƙasa daga tsohon wurin niƙa ko kududdufin da aka taɓa wanke dutse, ko da kyauta aka bayar. A nemi ma'aikatan muhalli na Jiha su auna filin da na'urarsu kafin a yi daɓe. Nan goshinmu zai riƙa taɓawa sau biyar a yini, nan kuma almajirai za su zauna da allunansu.

Na biyu, rijiyar alwala a yi mata baki mai tsawo da murfi, a kuma yanka mata haraba, kada a wanke buhu ko kwano ko kayan aikin dutse kusa da ita.

Na uku, a gina wurin wanka a gefe, domin wanda ya taso daga wurin aiki ya wanke jikinsa ya sauya tufa kafin ya hau tabarmar masallaci. Haka kuma ya kamata ya yi kafin ya shiga gidansa ya ɗauki ɗansa. Rigar aiki da takalmin aiki su kwana a wurin aiki.

Na huɗu, ina roƙon iyayenmu sarakuna da masu unguwanni su tsaya a kan magana ɗaya: dutse ba ya shiga gari. A keɓe wurin daka da niƙa da wanki can bayan gari, nesa da rijiya da gona da makiyaya, kada mai ciki ko mai goyo ko yaro ya je wurin. Turmin abinci da injin hatsi kuwa kada su taɓa ganin dutse.

Na biyar, ga alhazanmu masu injuna da masu sayen zinariya. Niƙa da ruwa, ko fesa ruwa a bakin inji, yana kashe mafi yawan ƙurar, an kuwa gwada haka a wuraren haƙa a arewacin ƙasar nan an ga amfaninsa. Akwai kuma 'yar tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu wadda ake ƙona zaiba a ciki, tiririn ya huce ya koma ruwa a sake amfani da shi, maƙeri na gari ma yana iya ƙera ta. Wanda Allah Ya hore masa ya ba da buhun siminti ɗari ga masallaci, ba zai gaza sayen tankin ruwa ga yaran da ke yi masa niƙa ba. Ina kyautata zaton malamai za su yarda da ni cewa wannan na biyun hakki ne a wuyansa tun kafin na farkon.

Na shida, ramin da aka gama da shi a cike shi, ko a kewaye shi da ƙaya, domin damina tana mai da shi tarkon yara da dabbobi. Harabar masallacin nan kuma a dasa mata itatuwa tun yanzu, kafin a kai ga rufi sun fara inuwa, su riƙa tare mana ƙura.

Na bakwai, ga iyayenmu mata, ku ne masu gadin ƙofa. A wanke hannun yaro kafin ya ci abinci, a yayyafa ruwa kafin shara, a rufe abinci da randa, a shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma mai tsabta. A yi hattara da kwallin dutse a idon jariri, gama an sha auna irinsa a tarar mafi yawansa dalma ce. In yaro ya cika ciwon ciki da kasala da rashin cin abinci, balle jijjiga, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita in akwai mai aikin dutse a gidan.

Ina kuma roƙon liman da na'ibansa, ko sau ɗaya a shekara, in kaka ta wuce samari sun fara shirin tafiya daji, a tuna wa jama'a labarin 2010 daga kan mumbarin da za a kafa a nan, a faɗi sunayen garuruwan ɗaya bayan ɗaya.

RUFEWA

Jama'a, ginin da muka aza harsashinsa yau, in Allah Ya yarda, zai fi dukkanmu daɗewa. Waɗanda za su cika sahunsa nan da shekara talatin su ne yaran da na gani jiya suna wasa a kan tarin ƙasa. Daga cikinsu muke fatan samun limami da ladan da malamin makaranta da likita, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar ƙwaƙwalwar da za ta riƙe karatu. Mu nemi arziki iyakar ƙoƙarinmu, ƙasarmu tana da shi, ba kuwa wanda ya ce mu bar shi a kwance. Amma duk ranar da za mu yi lissafin riba, mu sa rijiya da tsakar gida da lafiyar yaro a cikin lissafin tun daga farko.

Ina neman gafarar duk wanda maganata ta sosa masa wani tsohon miki. Allah Ya saka wa waɗanda suka ba da gudummawa da mafificin alheri, wanda ya kawo dubu da wanda ya kawo tulun ruwa. Allah Ya nuna mana ranar buɗe wannan masallaci muna masu rai da lafiya. Allah Ya ja zamanin iyayenmu sarakuna, Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya mana zuriya, Ya kawo mana ƙarshen tashin hankalin da ya addabi ƙasar Zamfara, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.